Mu Ci, Mu Biyu

Kuiguaq, 12 ga Oktoba, 1987

Tsoho,

Ki ajiye ƙamus ɗin nan ki saurare ni. Gaisuwa tana ƙarshe, in na tuna.

Kaka Matrona ta faɗi makon jiya a bakin rumfar shanya kifi. Baba ne ya tsince ta. An ɗauke ta a jirgi zuwa asibitin Bethel, bayan kwana biyar aka dawo mana da ita. Ɓarin dama ya shanye, bakin ya ɗan karkace, amma tana magana. Ɗan Turancin nan da take ajiye wa likita da mai shago ya tafi kaf, kamar an share da tsintsiya. Yup'ik kaɗai ya rage, kuma irin na mutanen da, wanda ni kaina sai na kasa kunne.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ba ta cin abinci. Na yi mata miyar dinya. Na dama mata akutaq da 'ya'yan dajin da ita da kanta ta tsinko a watan Agusta, har da kitse da sukarin da likita ya hana. Sai ta kalli kwanon, ta kalli ƙofa, ta ce "nerluk". In na zauna na ɗauki cokali, sai ta juya fuska bango. Shayi kaɗai take sha, shi ma kurɓi uku. Mijinta take tambaya. Kin san mijinta ya shekara ashirin da uku a ƙasa, kin kuma san wadda aka haifa kwana tara bayan an binne shi aka ba ta sunansa. Ke ce Cikuyaq, ba ni ba. Ni jika ce kawai, mai wanke kwano.

Goggo, wato mamarki, ta zo daga Anchorage, ta yi kwana huɗu tana kuka da Turanci, ta koma wurin aiki.

Ban kira ki ta wayar shago ba, don duk wanda ya zo sayen gishiri sai ya tsaya ya ji ƙarshen zance. Ki zo. Kogi ya fara daskarewa ta gefe, kwale-kwale ya kusa daina tafiya, jirgi kuwa sai ranar da hazo ya ga dama. Cikina ya shiga wata bakwai, ranar goma ga Nuwamba za a kwashe ni zuwa gidan jiran haihuwa a Bethel. Daga nan sai Baba ya rage mata, mutumin da ko ruwan shayi ƙona shi yake.

Yauwa, gaisuwar. Ina gaishe ki, ina gaishe da littattafanki. Da fatan har yanzu kina barin ƙofa a buɗe kamar mai sunanki, 'yan jami'a su ma su ɗanɗana sanyi.

Taubashiyarki,
Olinka

Fairbanks, 19 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga Olinka, uwar masu ba da umarni,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da na cikinki kuna lafiya, da Kawu Golga, da mai jiki. Wasiƙarki ta same ni ranar Juma'a. Na karanta ta a tsaye a gidan waya, na sake karantawa a zaune, ba ta canza ba.

Kalmar da take faɗa na san ta. Babi na goma sha ɗaya. Da jama'a take nufi, "nerelta" za ta ce. "Nerluk" na mutum biyu ne cak: mu ci, ni da kai. Bara na samu cikakken maki a kanta. Ga abin da shekara uku a jami'a ta tsinana mini ke nan. Kakata tana ramewa, ni kuma ina iya gaya miki sunan ɗafin da ke wutsiyar kalmarta.

Mu tara ne a ajin Yup'ik. Huɗu 'yan ƙauye ne da suka sha shi a nono, sun zo koyon rubuta shi, suna hamma. Biyu Turawa, ɗaya zai zama fadan coci, ɗayan bai san abin da zai zama ba amma yana da fensira masu launi. Sauran mu uku ne, masu fuskar gida da bakin Anchorage. Mu ne ke zama a baya, mu ne ke cinye jarrabawar rubutu, mu ne kuma ba ma buɗe baki. Bana an sa mu ɗauki Inupiaq, harshen mutanen arewa, wai don kwatance. Kada ki gaya wa kowa, a can nake hutawa. Malama Aqpik, wata dattijuwa daga Kotzebue, in na yi kuskure sai ta yi dariya ta gyara, don kuskuren baƙo ne. Ba mai kallona yana tunanin jikar wane ce wannan take kashe magana haka.

Ba zan zo ba. Ina da jarrabawar baka a wurinta ranar sha uku ga Nuwamba. Wannan dalilin za ki ba Kawu. Ke kuma ga na gaskiya.

A watan Yuli, a sansanin kifi, ranar da kika tafi duba raga da mijinki Evon. Duk rayuwata ita tana yi mini Yup'ik, ni ina amsawa da Turanci da ɗaga gira irin namu mai nufin "i", mun zauna lafiya. Ran nan na ce bari in ba ta mamaki. Wata biyu na yi ina haddace jawabi, jimla shida. Tana yanka kifi, na tsaya a gabanta na zuba mata shi. Olinka, ajiye wuƙar ta yi. Ta dube ni yadda ake duban ma'aikacin ƙidaya. Sannan matar da ba ta taɓa yi mini Turanci ba ta ce da Turanci, "Zauna, baƙuwa, ki sha shayi." Har na bar sansanin ba ta ƙara ce mini mijina ba.

Na san abin da ta ji. Harshenta ta ji a bakin Bature. Sautin nan na maƙogwaro, nawa ta hanci yake fita. Ran nan tana da Turancinta na shago da ta sallame ni da shi. Yanzu babu. In na zo zan tsaya a gefen gadonta in buɗe baki, ta sake juya fuska, kuma wannan karon ba ni da wata bazara mai zuwa da zan gyara. Mijin da take jira ya iya magana. Ni fassararsa ce, mai kurakurai.

Ki gwada mata daskararren kifi, yanka ƙanana. Ki rubuto mini cokali nawa take ci.

Taki,
Balassa

Kuiguaq, 26 ga Oktoba, 1987

Farfesa,

Muna gaisuwa, mun gode da darasi. Ashe "nerluk" na mutum biyu ne! Shekara biyar ina faɗa wa Evon kullum, ban sani ba sai da kika je jami'a. Tsoho, na san biyu ne. Abin da nake gaya miki shi ne, na biyun ba ni ba ce.

Cokali kika tambaya. Litinin biyu. Talata babu. Laraba ɗaya, shi ma don fada ya zo ya tsaya a kanta. Alhamis ta tofar. Jiya ina kakkaɓe bargo na ji wani abu ya faɗi ƙasa, zoben aurenta ne, ya zame da kansa. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ce in aka ci gaba a haka za a mayar da ita Bethel a sa mata roba ta hanci. Baba ya fassara mata, ta yamutsa hanci. Kin san in Kaka ta yamutsa hanci an rufe magana.

Shekaranjiya a ɗakin surace tsohuwa Agrafina ta kalli cikina, ta ce, "Ɗan nan mai sa'a ne, sunansa ya kusa nuna." Ba da mugunta ta faɗa ba, tana ma zuba ruwa a kan duwatsu tana murmushi. Na fito ko ɗauraya ban yi ba. Balassa, ba na so. Kowa da sunan wanda ya riga shi yake zuwa, na sani, haka ni, haka ke. Amma ba na so abin da zan haifa ya zama Kaka. Ba bana ba. Ba na so in hau jirgi ranar goma ina tunanin wa zai riga wa.

Maganar lafazinki kuwa, ban yarda ba. Fadan nan da aka turo mana yana yi wa harshen nan yankan rago duk Lahadi, Kaka kuma shi take ba kifin da ya fi kitse. Ki aiko mini da jawabin nan naki, jimla shidan, yadda kika faɗe shi, kada ki gyara ko wasali. Ni ma bari in yi makin.

A gaida mai fensira masu launi.

Olinka

Fairbanks, 1 ga Nuwamba, 1987

Olinka,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Tun da na karanta maganar zoben ban iya kallon hannun kowa ba.

Kullum bayan darasi ina shiga ɗakin sauraron kaset. Wata murya tana cewa "Kina jin yunwa?" ni ina maimaitawa. "Ina ke miki ciwo?" ina maimaitawa. Na'urar tana da haƙuri, ba ta taɓa ce mini baƙuwa ba. Na haddace jimla arba'in na zaman jinya. In kika tashe ni daga barci zan iya tambayar ki ko kina son a gyara miki matashi.

Ga jawabin a takardar da na haɗo. Don kada ki wahala da rubutun jami'a, abin da ya ce shi ne: "Maurluq, na dawo. Ina koyon harshenmu a makaranta. Ban iya ba tukuna. Ina so ki gyara mini. Ina so in ji labarin mutanen da. Na gode da kika rene ni." Malamin nahawu ya duba shi kafin in taho, bai sami kuskure ko ɗaya ba, har ya sa mini alamar yabo a gefe.

Kalmar farkon ma gyara ce na yi. Kin tuna tun muna yara Aipaqa nake ce mata? Wallahi na ɗauka sunanta ne. Sai a shekarata ta farko a jami'a na ci karo da kalmar a ƙamus: abokin zamana, ɗayan biyuna, matata. Saura kaɗan in faɗo daga kujera a ɗakin karatu. Shekara ashirin ina kiran kakata matata a gaban fada da mai shago! Wasan da tsofaffi ke yi wa yara ne, ni kuma na girma. Shi ya sa na ɗauko mata kalmar da ta dace, Maurluq, kaka, yadda take a jadawalin dangi.

Saboda haka matsalar ba a takarda take ba, a bakina take. Ki yi makin ki gani.

Ki ce wa Agrafina ta bar sunan mutane ya zauna inda yake.

Balassa

Kuiguaq, 5 ga Nuwamba, 1987

Ke Tsoho,

Ba gaisuwa yau. Na karanta kalmar farko, na ajiye takardar, na fita na zauna a bakin ƙofa cikin sanyi har sai da Evon ya zo ya ɗaga ni.

Da yammar ranar nan a sansani, muna rataye kifi ni da Kaka, ta ce, ba da ni take ba, da kifin take: "Makaranta ta ɗauke mini 'ya, ta dawo da ita babu baki. Yanzu ta ɗauke mini miji, ta aiko mini da jika." Ni na ɗauka komawarki Fairbanks take nufi. Sai yau na gane.

Jika tana da mu goma sha ɗaya, Balassa. Duk wanda ya shigo gidan nan Maurluq yake ce mata, har 'ya'yan maƙwabta. Mutum ɗaya ne a duniya ke ce mata Aipaqa. Da kakanmu ya mutu, kwana tara ta yi ba ta ci ba, Baba ya gaya mini, sai da aka kawo mata ke a zane. Ita ta koya miki kalmar nan a kan cinyarta kafin ki iya cewa ruwa. Ba bakin Bature ta ji ba. Saki kika yi mata, da nahawu mai kyau, har da alamar yabo a gefe.

Jimla arba'in ɗinki ki bar wa na'ura. Kalma ɗaya ake nema, kuma kin iya ta tun ba ki da haƙori.

Jiya babu, yau rabin cokali. Ranar Talata zan tafi.

Olinka

Kuiguaq, 14 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga Olinka, a gidan masu jira,

Bayan gaisuwa. Na san kin ji na ratsa Bethel ban leƙo ki ba. Hazo ya buɗe na rabin awa, matuƙi ya ce ko yanzu ko wani mako. Ki ajiye zagin, zan karɓa gaba ɗaya.

Ranar da wasiƙarki ta zo na je ofishin Malama Aqpik da dogon bayani a baki. Ba ta bari na kai rabi ba.

Ta ce, "Sunan wa kike ɗauke da shi?"

Na ce, "Na kakana."

"Matarsa na da rai?"

Na ɗaga gira.

"Ita ke kira?"

Na sake ɗagawa. Sai ta cire tabarau ta ce, "To me tsohon nan yake yi a ofishina? Tashi, jarrabawa ba kifi ba ce, ba ta ruɓewa."

Kawu ya tare ni a filin jirgi. Ya karɓi jakata bai dube ni ba, ya ce, "Baba, ka makara." A da dariya nake yi in mai furfura ya kira ni haka. Ran nan ban yi ba.

Ba ki gaya mini ta ƙanƙance haka ba. Ko kin gaya mini, ni ce na karanta kamar darasi. Fuskarta na bango. Na tsaya a gefen gadon, jimlolin nan arba'in suka watse kamar an jefa dutse cikin agwagi. Tsoron da nake ji shi ne kada ta ƙi juyowa, kada a ce na zo da kalmar bayan ta daina jira.

Na ce, "Aipaqa." Ta hanci ya fita, kamar kullum.

Na ji Kawu ya daina motsi a ɗaya ɗakin. Sannan ta fara juyowa, da ƙyar, ɓari ɗaya na jan ɗaya. Ta kalle ni tun daga hula har takalmi. Sai faɗa. Kashi ɗaya cikin uku na gane: ina na shiga, na rame, wannan wane irin takalmi ne, wa ya ɗinka mini shi. Na yi ƙoƙarin ba da haƙuri, na tabbata na sa ɗafin jam'i inda ba wurinsa ba. Ta yamutsa hanci ta ce, "Tun da ka dawo bakinka ya lalace. Dā ma ba don magana na aure ka ba."

Sannan ta ce, "Nerluk."

Agrafina ta kawo miyar kan kifi a kwano ɗaya. Ba ta yarda ta buɗe baki ba sai da na fara. Ni cokali ɗaya, ita ɗaya. Da aka zo kan idon kifin, ta tura mini shi da hannunta mai lafiya. Kin san yadda na tsani idon kifi. Kakanmu kuwa, in ji Kawu, babu abin da yake so kamarsa. Na haɗiye shi ina kallon ta, ban tauna ba.

Bakwai ta ci. Jiya tara, da rabin kofin akutaq. Ban ce miki ta warke ba. Hannun yana nan yadda yake, zoben kuma a zare na rataya mata a wuya. Amma ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta daina zancen roba.

Ki huta, ki ci abin da suke ba ki ko da babu daɗi.

Tsohonku,
Cikuyaq

Filin jirgin Bethel, 21 ga Nuwamba, 1987

Olinka,

Ina gaishe ki daga nesan da bai fi tafiyar minti goma ba. Jirgin Anchorage ya kunna inji, a kan gwiwata nake rubutu. Zagi biyu ke nan kike bi na.

Ni na so in zauna, ita ta kore ni. Ta ce namijin da ya zauna a ɗaki ba ya kawo komai, in tafi farautata in dawo da Kirsimeti, zan same ta. Na ce wa zai ci da ita? Ta ce Agrafina, kuma za a ajiye cokalina a gefen kwano. Ban san ko za ta cika alkawari ba. Ki dai gaya wa na cikinki ya nemi suna a wani gidan, wannan da mai shi.

Da safe na ɗauki jaka, na sauka matakala, har na hau hanyar katako sai na ji muryarta daga ɗaki. "Cikuyaq! Ƙofar! Shekara nawa zan yi ina faɗa maka?" Sai da na juya sannan na lura ban tsaya fassarawa ba.

Na koma na ja ƙofar har ta kama, na tafi.

Balassa